Jiran Ummulkhairi daga Khartum

Asabar, 24 ga Azumi, bayan la'asar

Ina bakin kanal ina jera bututun ban ruwa, sai Baballe, maƙwabcina a gona, ya kira ni, rediyo a kunnensa. Ya ce, "Malam Hashimu, ba a Khartum iyalinka take karatu ba?" Na ce can ne. Ya ce, "To zo ka ji."

Sojoji ne suke faɗa da sojoji a tsakiyar birni. Ban gane wa yake faɗa da wa ba, shi ma mai karanta labaran kamar bai gama ganewa ba. Na bar ruwa yana kwarara cikin shinkafa, na hau tudu inda sabis yake kamawa. Na kira sau tara ba ta shiga ba. Can sai ga saƙon murya.

"Baban Rahma, kada ka tayar da hankalinka. Muna ɗaki, mun kwanta a ƙasa, an ce kada a kusanci taga. Lafiya lau nake. Ka tuna ka karɓo ɗinkin Sallar Rahma, telan nan sai an tsaya a kansa."

A bayan muryarta akwai wata ƙara, kamar ana jifan rufin kwano da duwatsu. Na saurara sau da yawa. Ba muryar nake saurare ba, ƙarar nake aunawa, ko kusa take ko nesa.

Shekara ɗaya da rabi ke nan Ummulkhairi tana can tana ƙarin karatun ungozoma. Jarrabawa ɗaya ta rage mata, a watan gobe. Ɗaya tak.

Wannan littafin tsara darasi ne, makaranta tana hutu, shafuka sun rage. Ban saba irin wannan rubutu ba. Amma Rahma shekararta shida, Baba Jaji kuwa, mahaifin Ummulkhairi, ba shi ne mutumin da zan zauna gabansa in ce ina jin tsoro ba.

Lahadi, 25 ga Azumi, hantsi

Mun yi magana minti biyu. An ɗauke musu wuta da ruwa. Ta ce za ta riƙa kashe waya don caji ya kai ta. Ta tambaye ni me muka yi sahur da shi.

Talata, 27 ga Azumi, kafin magariba

Mun yi musu da Baballe yau, da azumi a bakinmu.

Muna zaune ƙarƙashin mangwaron bakin hanya ya ce, "Kwana huɗu ke nan. Ka ji muryar shugaban ƙasa? Ba takardar da wani yake karantawa da sunansa ba, muryarsa shi."

Na ce harkar ƙasa da ƙasa ba a bakin titi ake yin ta ba. Akwai abin da ake yi a ɓoye wanda ni da shi ba za mu ji ba. Na ce mutumin nan ba mai yawan magana ba ne, amma ba zai bar 'ya'yan mutane dubbai a cikin wuta ba.

Baballe ya ce, "Malam, kai ka san shi, shi bai san ka ba."

Na ji zafin maganar. Sau biyu na tsaya a rana na zaɓi mutumin nan, har na yi ta jan mutanen unguwarmu zuwa rumfar zaɓe a kan babur ɗina. Na ce masa ya bari mu gani zuwa Sallah. Ya ce Allah ya sa ni ne mai gaskiya, ya fi kowa son haka. Ya tashi ya koma cikin tumatirinsa, wanda tsutsa ta riga ta cinye rabi.

Da na dawo gida na tarar Rahma ta ɗauko hijabin sallar uwarta daga ƙusa ta lulluɓa tana jan sa a ƙasa. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na fasa. Har yanzu da ƙamshin turarenki a jikinsa, Ummu. Ban san haka ba sai yau.

Alhamis, 29 ga Azumi, bayan azahar

Sista Monica ta zo yi wa Rahma kitson Sallah. Tare suke aiki da Ummulkhairi a ɗakin haihuwa, tun kafin aurenmu suke ƙawance. Da ta gama gefe ɗaya sai ta ce wa Rahma ta je ta duba madubi a ɗaki. Ta juyo gare ni ta rage murya.

"Baban Rahma, maganin ƙarin jinin nan, ta ce da saura ko ya ƙare?"

Na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Kada ka yi mini wannan kallon. Shekara tara muna karɓar haihuwa tare, ka zaci za ta ɓoye mini? Tun cikin yana wata biyu ta gaya mini. Yanzu ya shiga na biyar, ko?"

Na ce ya shiga.

Hutun da ta zo a watan Disamba ne. Bayan Rahma sau biyu muna samu yana zubewa, na biyun har an fara yi mana barka. Shi ya sa a wannan karon muka ce ba wanda zai ji, ko Baba Jaji, sai ta dawo an gani da ido.

Monica ta ce, "In kun yi waya ka ce mata ruwa. Ko me za ta rasa, kada ta rasa ruwan sha. Kuma ta ajiye azumin nan, ta san hukuncin ta fi ni sani." Ta ce daren jiya a cocinsu sun sa sunan Ummulkhairi a addu'a. Na yi mata godiya. Ta kira Rahma suka ci gaba da kitso, tana yi mata waƙar da ban san yarenta ba.

An ga wata. Gobe Sallah.

Juma'a, ranar Sallah, la'asar

Daga idi muka wuce Kura gaida Baba Jaji. Rahma a gaban babur da sabon ɗinkinta. Telan ya gama, amma hannun ya yi mata tsawo, na naɗe mata shi da kaina, bai naɗu da kyau ba.

Baba yana zaure a kan buzunsa, rediyo a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ka ji ta?" Na ce jiya da yamma, tana gaishe shi. Ya ce, "Madalla." Ya jawo Rahma ya zaunar da ita kan cinyarsa yana ɓare mata dabino. Bai ƙara ce mini komai ba.

Da a ce ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Shi ne bai so tafiyar nan ba tun farko. Ya ce mace da aure da 'ya, me ake koyarwa a Sudan da babu shi a Kano? Sau uku ina zuwa zauren nan ina roƙonsa. Na ce masa na ɗauki amanar, in wani abu ya faru ni zai tambaya.

Muna zaune aka sa saƙon barka da Sallah na shugaban ƙasa. Baba ya ƙara murya. Muka saurara har ƙarshe, ni da shi, ba mai kallon wani. Ban ji abin da nake jira ba. Baba ya kashe rediyon a hankali ya ce a kawo mana tuwo.

Na ci loma uku. Miyar taushe ce, irin wadda kike so, da kabewa da yawa.

Litinin, 4 ga watan Sallah, bayan asuba

An sa ni a gurup ɗin waya na iyaye da mazajen waɗanda suke can. Tun jiya hotuna ake turowa: wannan ƙasa ta kwashe nata ta jirgin ruwa, waccan ta jirgin sama, wata ma ƙarama da ba ta kai jihar Kano yawan mutane ba ta jera motoci ta fitar da nata. Namu an ce su rubuta suna. Sun rubuta. An ce su sake rubutawa, da lambar fasfo. Sun sake.

Ummulkhairi ta ce ɗakin da yake kallon nasu 'yan wata ƙasa ne, shekaranjiya aka zo aka tafi da su. Sun bar musu shinkafa da rabin jarkar ruwa. Ta ce, "Ɗayarsu ta tambaye ni, ku naku shugaban bai san kuna nan ba ne? Na rasa abin da zan ce mata, Baban Rahma."

Na ce mata ta sha ruwa.

Akwai maganar da muka yi da ita kafin azumi. Ba yau zan rubuta ta ba.

Laraba, 6 ga watan Sallah, magariba

Motoci sun zo. Ba su isa kowa ba, amma an fara da mata, ta samu wuri. Jaka ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Ta bar littattafanta duka, ta bar bargon da na saya mata a Kantin Kwari. Arewa za su yi, zuwa iyakar Masar, daga can jirgi ya kwaso su.

Na je gona na gaya wa Baballe. Na ce, "Ka gani? Na ce maka ana yin wani abu." Ya ce alhamdu lillahi, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na share ɗaki, na wanke labule, na cika randa.

Alhamis, 7 ga watan Sallah, azahar

Direbobi sun tsaya a tsakiyar sahara sun ce ba za su ƙara gaba ba. Kowa da dalilin da yake faɗa a gurup. An turo bidiyo, 'yan mata a tsaye a rana, ba bishiya ko ɗaya, wata tana kuka tana magana. Na tsayar da shi na duba fuska ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata a can baya zaune a inuwar mota, da hijabi ruwan toka. Ba na ganin fuskar. Zaman ya yi kama da naki.

Alhamis, bayan la'asar

Sun tashi.

Juma'a, 8 ga watan Sallah, bayan sallar Juma'a

Sun isa iyaka. An buga musu hatimin fita daga Sudan, sun wuce shinge. Masar ba ta buɗe nata ba. Wai ba a gama magana tsakanin gwamnati da gwamnati ba.

Kwana goma sha uku da fara faɗan nan. Me ake yi a kwana goma sha ukun, in ba a gama magana ba? An ɗora mutane a mota an tura su ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba.

Muryarta ta dushe. Ta ce rana a can ba irin tamu ba ce, ba inda za ka ɓuya. Banɗaki ɗaya ne ga mutum ɗaruruwa. 'Yan wasu ƙasashe suna zuwa bayansu, a duba takardunsu, a buɗe, su wuce, su suna kallo. Ta ce cajinta saura kaɗan. Na ce yaya jikin? Ta ce, "Yana motsi." Sai ta yi 'yar dariya, wayar ta katse.

Asabar, 9 ga watan Sallah, bayan magariba

Yau na shiga birni. An ce iyaye su taru za a yi mana bayani. Mun fi mutum ɗari a harabar wani ofis, wasu daga Wudil, wasu daga Bichi, wani tsoho tun daga Doguwa. Muka jira daga ƙarfe goma har azahar.

Wani mutum ya fito da farar shadda da waya biyu a hannu. Ba mugu ba ne, da gani shi ma bai san komai ba. Ya ce mu ƙara haƙuri, ana tuntuɓar juna a mataki na ƙoli. Wata hajiya mai 'ya'ya biyu a can ta ce, "Ɗan nan, shi matakin ƙolin ba shi da suna ne? Ba shi da baki?" Ya ce ba zai iya magana a kan wannan ba.

Ban yi niyyar magana ba. Na ga dai na miƙe. Akwai wata 'yar jarida a gefe ta miƙo na'urarta, ban kula da ita ba sai daga baya.

Na ce ni malamin firamare ne daga Bunkure, ban san harkar jakadanci ba. Amma in iyalina suna tsaye a rana a ƙofar maƙwabcina, ƙofar a rufe, ba aike nake yi ba, da ƙafata nake zuwa. Na ce sau biyu na zaɓi shugaban ƙasar nan, kuma har ranar Laraba ina kare shi a gona. Ba mu ce ya yi yaƙi da kowa ba. Ya ɗaga waya ya kira takwaransa ya ce 'ya'yana ne, a buɗe musu. In ya kira an ƙi, ya fito ya gaya mana an ƙi, mu san inda muke. Shirun nan ne ba mu gane ba. Ƙasa mai girman tamu, a ce ba wanda yake jin nauyinta a bakin shinge.

Sai na ji bakina yana cewa, "Matata tana da ciki wata biyar, a kan yashi take kwana."

Na zauna. Tsohon Doguwa ya dafa kafaɗata.

A hanyar dawowa, daidai Kura, na tuna Baba Jaji ba ya rabuwa da rediyo. Ban tsaya ba.

Ba kira yau.

Lahadi, 10 ga watan Sallah, bayan azahar

Sun sa muryata a rediyo da safe, har sau biyu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Baba Jaji ne. Rabonsa da gidan nan tun sunan Rahma. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "A rediyo na ji zan yi jika."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Mun so ne sai ta dawo."

Ya ce, "Na san dalili. Ina nan aka yi na baya." Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Hashimu, ba faɗa na zo yi ba. Ranar Sallah na ga ba ka ci abinci ba. Ka zo wurina sau uku, sau biyu na ce a'a, na uku na ce to. Wannan to ɗin daga bakina ta fito, ba daga naka ba. Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai."

Ya ce a kira masa Rahma. Ya duba kitsonta ya ce wa ya yi, ta ce Anti Monica, ya ce ta iya. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Maganar da ka yi, daidai ce. Da ni ne a wurin da ban iya jera ta haka ba."

Bai san sauran ba. Shi izinin tafiya ya sani.

Ba kira.

Litinin, 11 ga watan Sallah, hantsi

Ba kira. Wayar a kashe take tun Juma'a.

Litinin, la'asar

Rediyo ya ce shugaban ƙasa ya yi magana da na Masar, an amince za a buɗe. Gurup ya cika da kabbara. Baballe ya taho har gida da gudu a kan keke don ya gaya mini, ya tarar na ji.

Ashe dai waya ɗaya ce. Ashe layin yana aiki. Na ce wa Baballe, to ranar Juma'a me ya hana? Ranar Laraba, kafin su hau mota, me ya hana? Ya ce, "Malam, yau ba ranar wannan ba ce. Bari ta dawo tukuna." Shi ne yau yake ba ni haƙuri a kan mutumin.

Talata, 12 ga watan Sallah, azahar

Baƙuwar lamba. Wata yarinya ce, ta ce sunanta Halimatu Sa'adiyya, motarsu ɗaya. Ta ce Anti Ummu ta ce a gaya mini sun tsallaka, an wuce da ita asibiti a Aswan, ta samu sauƙi. Na ce sauƙin me? Ta ce, "Ita za ta kira ka, Yaya." Na ce ta gaya mini. Ta ce kuɗin wayarta zai ƙare.

Na je wurin Monica a asibiti na maimaita mata kalma bayan kalma. Ta ajiye abin da yake hannunta. Ta ce, "Mu jira ta kira." Ba ta kalle ni ba.

Laraba, 13 ga watan Sallah

Jirgin farko zai sauka Abuja yau. An turo sunaye. Na karanta sau uku, babu nata.

Alhamis, 14 ga watan Sallah, bayan asuba

Ta kira da wayar wata nas.

"Baban Rahma."

Na ce na'am.

"Ni kaɗai zan dawo."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita ma ta faɗa. Ina jin numfashinta. Na ce yaushe? Ta ce ranar Lahadi, da rana. Ta ce namiji ne. Ta ce an ƙara mata jini, tana iya tafiya da ƙafarta, kada in gaya wa Rahma komai.

Lahadi. Lokacin da Baba yake zaune a zaurena.

Lahadi. Shugaban ƙasa kuwa sai Litinin ya ɗaga waya.

Asabar, 16 ga watan Sallah, la'asar

Kwana biyu ban je gona ba. Baballe ya ba shinkafata ruwa ba tare da na roƙe shi ba. Na je Kura na gaya wa Baba. Ya ce Allah ya sa mai ceto ne. Ya shiga cikin gida, ya daɗe bai fito ba.

Bari in rubuta maganar nan yau.

Sati biyu kafin azumi ta kira ni ta ce tana so ta dawo gida ta yi azumi da Sallah a nan. Ta ce garin ya canza, sojoji sun yi yawa a titi, jikinta kuma yana mata nauyi, tana kewar Rahma. Ta ce jarrabawar za ta iya rubuta ta a zango na gaba. Na ce mata a'a. Na ce an kusa gamawa, wata biyu kamar yau ne, in ta dawo ba takarda me zan ce wa Baba da mutanen da suka ce ba za ta iya ba. Na ce ta daure. Ta ce, "To, Baban Rahma."

Na tsaya gaban mutum ɗari na ce wani ya yi shiru lokacin da ya kamata ya yi magana. Gaskiya na faɗa, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ni kuma na yi magana lokacin da ya kamata in yi shiru in saurara.

Talata, 19 ga watan Sallah, bayan magariba

Ta dawo.

Jirginsu ya sauka Abuja shekaranjiya, yau aka ɗauko 'yan Kano a bas. Ta ce wa direba ya sauke ta a Kura, ba sai ta shiga birni ba. Tun azahar muke tsaye a bakin titi, ni da Rahma da Monica. Duk motar da ta rage gudu sai Rahma ta ce ga ta nan.

Da ta sauko ban gane ta nan take ba. Ta yi baƙi, leɓenta duk ya tsage, silifas ɗin ƙafarta ba nata ba ne, sun yi mata girma. Rahma da ta yini tana tsalle sai ta ɓuya a bayana. Ummulkhairi ta tsuguna a bakin titin ta ce, "Wa ya naɗe miki hannun riga haka? Babanki ko?" Sai yarinyar ta faɗa jikinta.

Monica ta rungume ta suka daɗe. Ni na ɗauki jakar. Ba nauyi.

Gidan Baba muka fara zuwa. Yanzu tana ɗaki tana barci, Rahma ta riƙe mata gefen zane.

Alhamis, 21 ga watan Sallah, hantsi

Da safe ta ce in kai ta gona. Na ce jikinta. Ta ce ruwa take so ta gani.

Na tafi da ita a hankali a kan babur. Shinkafa ta fara ja, tsuntsaye sun fara sauka. Ta zauna a bakin kanal ta cire silifas ta zura ƙafafunta a ruwa. Ta daɗe tana kallon yadda yake wucewa. Ta ce a can sai da ta kai suna raba murfin jarka ɗaya su uku.

Na ce, "Ummu, kin ce za ki dawo, na hana ki."

Ta ce, "Na sani."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na yi ta tunanin wannan a mota. Wani lokaci in ji haushinka, wani lokaci in ce ai ni ma ina son takardar nan, da na nace da na taho. Ban gama sani ba, Baban Rahma. Na yafe. Amma kada ka ce in ce maka ba komai."

Na ce ba zan ce ba.

Sai ta ba ni labarin, ba tare da na tambaya ba. Ta ce tun daren Asabar ta san abin da yake zuwa, aikinta ne, ta ga alamun a jikin mata da yawa. Da abin ya taso, matan motarsu suka cire mayafansu suka kewaye ta, suka riƙe su sama kamar bango, duk da gajiya ba wadda ta sauke. Ita ta riƙa gaya wa Halimatu Sa'adiyya abin da za ta yi. Ya zo da siffarsa cikakkiya, har farce. Bai yi numfashi ba. Ta sa masa suna Salim. Aka naɗe shi a farin ɗankwali, wasu ɗalibai maza uku suka haƙa rami da ƙarfen cire taya, suka yi addu'a.

Na ce a ina?

Ta ce, "Shinge biyu ne. Na baya na Sudan, mun riga mun fita. Na gaba na Masar, ba su buɗe ba. A tsakani."

Na ce to ƙasar wa ce nan?

Ta ce ta tambayi wani soja, ya ɗaga kafaɗa.

Ta ce akwai tankin ruwa na ƙarfe wanda ba ruwa a ciki. Kafin a ɗauke ta ta sa yarinyar ta auna mata da ƙafa, don in ta dawo ta gaya mini. Ta faɗa sau biyu, ta ce in riƙe, ita kanta ba ta yarda da kanta ba yanzu.

Ba shi a jerin sunayen da aka rubuta sau biyu, ba shi a takardar jirgi, ba hatimin shiga ba na fita. A ƙasashen nan uku ba takardar da ta san an yi shi. Shi ya sa nake rubutawa a nan.

Salim Hashimu. Lahadi, 10 ga watan Sallah. Daga tankin ruwa, taku arba'in ta gabas.